Na Ci Gwanjon Agogo, Amma Hankalina Ya Ƙi Kwanciya

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kaduna, kuma tun ina yaro nake sha'awar tsofaffin agoguna masu aiki da inji. Kwanakin baya na ga wani Omega Seamaster na ƙarfe, ƙirar shekarun 1960, an sa shi gwanjo a wani shafin intanet, mai sayarwar yana Ingila. Na ƙudurta ba zan wuce fam 500 ba. Sai wani mai tayi da sabon asusu ya riƙa bina yana ƙara kaɗan-kaɗan, ni kuma duk lokacin da ya wuce ni sai in ɗaga nawa, har na rubuta fam 900. Ana saura kwana ɗaya a rufe, ya taya fam 1,000, ya janye bayan 'yan mintoci, sannan ya dawo ya taya fam 870 ya tsaya. Aka sallama mini a fam 890, alhali mutum na uku da ke cikin gwanjon tun a fam 560 ya haƙura. Na biya, kuma agogon ya isa hannun ƙanena a Landan kwana uku da suka wuce. Daga baya na ga irinsa an sayar tsakanin fam 550 da 600. Wani abokina ya ce in gaya wa shafin cewa agogon bai yi daidai da bayaninsa ba, za a mayar mini da kuɗina. Har yanzu ban faɗa wa mai ɗakina ainihin abin da na kashe ba, kuma daga ajiyar gyaran gidanmu na ɗauka. Shin an cuce ni ne? Me ya kamata in yi? Mai sayarwar ya sake sa wani agogon da ya kwanta mini a rai.

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Zarginka yana da tushe, kuma abin da ya ba shi tushe shi ne wancan tayin na fam 1,000 da aka janye. Ba ka ambaci sunan shafin ba, amma yadda ka bayyana lamarin ya yi daidai da tsarin da shafin saye da sayarwa na eBay ya yi fice da shi, don haka da shi zan riƙa ba da misali. A wannan tsari, idan mutum ya rubuta fam 900, ba fam 900 ya taya nan take ba. Shafin yana ɓoye wannan adadi, yana riƙa tayawa a madadinsa, ba ya ɗora komai sai ɗan abin da zai sa ya zarce na biyu da taki ɗaya. Ke nan ba mai nasara ne yake yanke farashi ba, wanda ya zo na biyu ne yake yanke masa. Duk wanda ya san iyakarka, zai iya tsayawa dab da ita ya sa ka biya kusan dukanta ba tare da ya ɗauki haɗarin a sallama masa ba. Hanya mafi sauƙi ta gano iyakar kuwa ita ce mutum ya taya abin da ya tabbata ya fi naka, ya ga inda farashin ya yi tsalle ya tsaya, sannan ya janye. Ƙa'idar eBay ta yarda a janye tayi idan an yi kuskuren rubuta adadi, kamar wanda ya so rubuta 100 ya rubuta 1,000, ko kuma idan mai kaya ya sauya bayanin kayan sauyi mai yawa. Wanda ya janye 1,000 ya dawo da 870 bai yi kama da mai gyara kuskuren yatsa ba.

Duk da haka, ina so ka riƙe bambanci tsakanin abin da ka gani da abin da kake zato. Ka ga an leƙa iyakarka an tura ka zuwa gare ta. Ba ka ga wanda ya yi ba, ba ka kuma ga alaƙarsa da mai kayan ba. Yana iya zama mai kayan ne da asusu na biyu, ko abokinsa, kuma wannan shi ya fi kusa da hankali tunda shi ne ya amfana. Yana iya zama mai saye ne na gaskiya da ya leƙa, ya ga ba zai iya ja da kai ba, ya huce haushinsa a kanka. Sauran alamun da ka lissafa ba su da ƙarfin da kake ba su. Sabon asusu ba laifi ba ne, kowa da sabo ya fara, kuma ƙara tayi kaɗan-kaɗan ɗabi'a ce ta sabon shiga wanda bai fahimci cewa shafin zai taya masa ba. Da a ce waɗannan biyun kaɗai ka kawo mini, da na ce ka bar zargin.

Abin da zai ƙarfafa zaton ko ya raunana shi yana cikin tarihin tayin, kuma aiki ne na awa ɗaya. Shafin yana ɓoye cikakken sunan masu tayi, amma yakan bar adadin shaidar cinikin da ke gefen kowane suna, wato yawan ra'ayoyin da abokan ciniki suka bayar a kan mai asusun, wanda ya isa a gane mutum a wani gwanjon. Ka buɗe sauran kayan da wannan mai sayarwa ya yi gwanjonsu a watannin nan, ka duba ko asusun nan yana bayyana a cikinsu yana tura farashi ba tare da ya taɓa cin ko ɗaya ba. Ka duba ko akwai agogon da aka nuna an sayar, sai ga shi ya sake dawowa kasuwa da hotuna iri ɗaya bayan mako ɗaya ko biyu, domin hakan ne ke faruwa idan ɗan kore, wato mai tayin ƙarya don ɗaga farashi, ya zarce ya ci gwanjon da kansa. Idan ka sami waɗannan, ka ɗauki hoton allon kowanne da kwanan watansa. Idan ba ka samu ba, to abin da ke hannunka tayi ɗaya ne mai shakku, kuma bai kai a kira mutum ɓarawo a bainar jama'a ba.

Wannan dabara ba intanet ce ta haife ta ba. Duk wanda ya taɓa zuwa kara sayen ragon layya ya san mutumin da yakan matso ya taya dabba da ƙarfi don a ji, alhali ko sisi bai fito da shi ba. A fiƙihu sunanta najashi, kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, ya tabbatar da cewa Manzon Allah (SAW) ya hana ta. Shi kansa gwanjo halas ne, domin an ruwaito daga Anas cewa Annabi ya sayar da shimfiɗa da ƙoƙon wani mabuƙaci yana tambayar wa zai ƙara, aka taya dirhami ɗaya, wani ya taya biyu aka sallama masa. Abin da aka haramta shi ne tayin wanda ba ya nufin saye. Malaman Malikiyya sun ce idan mai kaya ya san da najashin, mai saye yana da zaɓi ya riƙe kayan ko ya mayar. Na kawo wannan ne don ka san cewa neman warware cinikin ba butulci ba ne idan yaudarar ta tabbata, sai dai sharaɗin yana nan yadda yake, wato sanin mai kaya, kuma shi ne abin da har yanzu ba ka tabbatar ba.

Yanzu mu zo ga lissafin, domin a nan ne nake ganin ba ka yi wa kanka cikakken adalci ba. Mutum na uku ya tsaya a fam 560. Da babu wanda kake zargi, da an sallama maka a wajen fam 570, kuma wannan ya yi daidai da farashin da ka gani daga baya. Saboda haka abin da tura farashin ya ci maka ya kai kimanin fam 320, kuma a halin da naira take ciki tun bayan da aka sake ta ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, wannan kuɗi ne da magidanci zai ji a jikinsa. Amma ka lura cewa da ka tsaya a fam 500 ɗinka, da ba ɗan koren ne zai kayar da kai ba, mai saye na gaskiya ne, kuma da ka tashi ba ka yi asarar komai ba. Babu mai tura farashi, kome ƙwarewarsa, da zai iya kai ka inda ba ka rubuta da hannunka ba. Ba don in ɗora maka laifin wani na faɗi haka ba. Wanda ya yi yaudara laifinsa yana wuyansa. Na faɗa ne domin ɓangaren da ke hannunka shi kaɗai za ka iya gyarawa kafin gwanjo na gaba, kuma mutumin da ya tattara dukan abin ya jingina wa ɗan kore yakan koma ya sake faɗawa a gwanjon da babu ɗan kore ko ɗaya.

Biyan fiye da ƙima a gwanjo abu ne da masana tattalin arziki suka daɗe da sani. A shekarar 1971 wasu injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield suka yi rubutu a kan yadda kamfanonin da ke cin gwanjon rijiyoyin mai a Tekun Meziko suke ƙarewa da riba ƙasa da abin da suka yi tsammani. Dalilin shi ne, a cikin masu ƙiyasta darajar abu ɗaya, wanda ya fi kowa kai ƙiyasinsa sama shi ne yake ci, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa kuskure. Idan hakan ta sami kamfanoni masu ɗakuna cike da masana lissafi, ba abin mamaki ba ne ta sami mutum ɗaya da waya a hannu cikin dare, wanda ya yi kwanaki yana kallon hoton agogo har ya fara jin nasa ne, yana ganin kowane sabon tayi tamkar ana ƙwace masa abin da ya riga ya mallaka.

Game da dawo da kuɗin, akwai ƙofofi biyu na halas, kuma dukansu suna da wa'adi, don haka kada ka bari mako ya wuce. Ta farko ita ce ka duba ko mai sayarwar ya yi rajista a matsayin ɗan kasuwa ne ko kuwa mutum ne mai sayar da kayansa na kansa. Dokar kare masu saye ta Birtaniya ta 2013 ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet daga hannun ɗan kasuwa kwana 14 daga ranar da kayan suka iso ya fasa cinikin ba tare da ya kawo dalili ba, kuma gwanjon da ake yi a intanet kaɗai bai fita daga wannan ba. Idan ɗan kasuwa ne, ka rubuta masa ta cikin shafin, cikin ladabi, cewa ka fasa, ƙanenka ya mayar da agogon ta hanyar aike mai lambar bibiya da inshora. Idan ba ɗan kasuwa ba ne, wannan haƙƙi bai hau kansa ba, sai abin da ya rubuta da kansa game da karɓar kayan da aka mayar.

Ƙofa ta biyu ita ce agogon kansa, kuma ko da babu maganar ɗan kore wajibi ne a duba shi. Ka ce wa ƙanenka kada ya turo shi Najeriya tukuna, domin kariyar da eBay ke ba mai saye kwana 30 ce daga isowar kaya, kuma ba ta bin kayan da aka sake aikawa wani wuri. Ya kai shi wurin mai gyaran agogo da ya san tsofaffin injuna, a buɗe murfin baya a duba kawai, kada a gyara ko a sauya komai. A cikin murfin akwai lambar samfurin, a jikin injin kuma akwai lambar nau'insa da lambar jeri. Seamaster masu cika kansu na wancan zamani galibi suna ɗauke da inji mai lamba 552 idan babu kwanan wata, ko 562 da 565 idan akwai, kuma lambar jeri da ta fara da miliyan 24 tana nuna wajen 1966. Abin nema shi ne waɗannan lambobi su yarda da juna, su kuma yarda da abin da aka rubuta a tallar. Sannan a duba fuskar da madubin ƙara girma, domin fuskar da aka sake wa fenti ita ce aibin da ya fi yawa a tsofaffin agoguna, kuma tana zubar da daraja ƙwarai. Rubutu mai kauri ko mai karkata, layukan mintoci da ba su daidaita da alamun sa'o'i ba, da fuska mai sheƙi kamar sabuwa a cikin jikin da ya sha jiki, duk suna nuni gare ta. Haka nan jikin da aka goge har gefunansa suka rasa kaifinsu, da maɓallin cikawa wanda ba na asali ba.

Kada ka ɗauka wannan bincike wuce gona da iri ne. A watan Nuwamban 2021 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a Janeba a kan kuɗin Suwizalan fiye da miliyan 3, kuma kamfanin Omega ne da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne, an harhaɗa shi daga sassan agoguna daban-daban, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Idan aka sami irin wannan aibi a naka, kuma tallar ta ce komai na asali ne, to kana da ƙorafi na gaskiya, ka shigar da shi da hotuna da rubutaccen bayanin mai gyaran.

Idan kuwa agogon ya fito lafiya, ya yi daidai da bayaninsa, to shawarar abokinka ba abin bi ba ce. Na san da kyakkyawar niyya ya ba ka, ganin halin da kake ciki, amma abin da ya ce ka yi ƙarya ce da za a karɓi dukiya da ita, daga mutumin da har yanzu zato kawai kake yi a kansa. Ko da ya tabbata macuci ne, cutarsa ba ta halatta maka shaidar zur ba. Ta fuskar amfani ma, mai sayarwa yana iya ƙalubalantar ƙorafin da hotunansa, kuma asusun da aka kama da ƙorafin ƙarya yana iya rasa kariyar da zai buƙata ranar da aka turo masa jabu na gaske.

Ka kai rahoton tura farashin ga shafin a kowane hali, da lambar kayan da hotunan da ka ɗauka, ka bayyana abin da ka gani a jere ba tare da zagi ba. Su suna ganin abin da kai ba ka gani, kamar adireshi da na'ura da hanyar biyan kuɗi da asusu biyu suka yi tarayya a kai. Ƙa'idar eBay ta haramta wannan aiki, dokar Birtaniya ma haka, har a 2010 wata kotu a Ingila ta ci tarar wani mutum dubban fam tare da aikin yi wa al'umma hidima saboda ya riƙa taya kayansa da asusu na biyu. Sai dai kada ka ɗora fata mai yawa a kai. Ba kasafai ake sanar da mai ƙorafi sakamakon bincike ba, kuma rufe asusun mai laifi ba ya nufin fam 320 ɗinka za su dawo. Amfanin rahoton ya fi komawa ga wanda zai zo bayanka.

Maganar mai ɗakinka ta fi duk waɗannan gaggawa a wurina. Kuɗin daga ajiyar gyaran gida suka fito, wato abin da kuka yi shawararsa tare, kuma giɓin zai bayyana ranar da aka kira magini. Gara ta ji daga bakinka yau, da cikakken adadin, da ta gano da kanta bayan wata uku, domin a lokacin ba maganar fam 890 za a yi ba, maganar ɓoyewar za a yi. Ka gaya mata abin da ka yi niyya, da abin da ka kashe, da matakan da kake ɗauka, da yadda za ka cike gurbin daga albashinka wata-wata. Kada ka fara da labarin ɗan koren kamar shi ne dukan bayanin, domin za ta tambaye ka wanda ya rubuta 900, kuma tambayar tana kan hanya. Idan ƙofofin mayarwa duk suka rufe, ku yanke tare ko za a riƙe agogon ko a sayar. In aka sayar yanzu, asarar za ta haura fam 300 bayan an cire la'ada, don haka ni ina ganin riƙe shi ya fi, matuƙar ingantacce ne kuma gidan ba ya cikin matsin da sai an sayar. Injunan Omega na wancan zamani suna da ƙarko, kuma har yau ana samun masu gyara su.

Shi kuma agogo na biyu, ka bar shi. Mai sayarwar da kake zargi ya riga ya san cewa kai mai ɗaga tayi ne idan an matsa maka, kuma ajiyar gidanka ba ta farfaɗo ba. Duk ranar da ka koma gwanjo bayan ka cike giɓin, ka fara da duba farashin da aka sayar da irin kayan a zahiri, ba farashin da masu kaya suke nema ba, domin abin da ke rubuce a shafukan sayar da agogo irin su Chrono24 buƙatar mai kaya ce. Daga wannan ƙima ka cire kuɗin aike, da kuɗin kwastan, da abin da banki zai ci wajen canji, da kuɗin wanke inji wanda kusan kowane agogo mai shekara 60 yake buƙata, da la'adar mai saye idan gidan gwanjo ne, wadda a manyan gidaje takan kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na farashin. Abin da ya rage shi ne iyakarka. Ka rubuta ta a takarda ka nuna wa mai ɗakinka ko ƙanenka kafin a fara. A shafin da gwanjo ke rufewa a ƙayyadadden lokaci, ka shigar da ita sau ɗaya a daƙiƙun ƙarshe, domin ta haka babu wanda zai sami sararin leƙa ta ya janye ya dawo. A shafukan da ke ƙara lokaci duk sa'ad da aka yi tayi a ƙarshe, wannan dabara ba ta aiki, sai ka shigar da adadin ka ajiye wayar har a rufe.